Takardun shagona sun daina buɗewa da manhajar da na saba, yaya zan mayar da su?

Hajiya mai shagon buga takardu, Kabuga:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da shagon buga takardu a Kabuga, kuma yawancin masu zuwa wurina ɗaliban jami'a ne da ke kawo aikinsu a filas ko su turo ta WhatsApp. Ranar Asabar da ta wuce yaron shagona ya saka wata manhajar ofis ta kyauta a babbar kwamfutarmu don ya buɗe wani fayil guda ɗaya da ya gagare shi, to tun daga ranar duk takardar da na danna sau biyu sai ta buɗe a cikin wannan baƙuwar manhaja, ko ta Word ce, ko PDF, har da hotuna. Word yana nan bai je ko'ina ba, Acrobat Reader ma yana nan, amma sai na fara buɗe su tukuna sannan in nemo fayil ɗin daga ciki, abin da ke cinye mini lokaci idan layi ya yi tsawo. Jiya kuma na buga wa wata ɗaliba aikinta na kammala digiri, mai shafi 62 ya fito 65, teburorinta sun zame, dole na sake bugawa da takardata da tawadata. Kwamfutar tana kan Windows 11. Don Allah wanda ya san mafita ya taimaka.

Injiniya mai gyara, Farm Centre:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Irin wannan ana kawo mini shi kusan kowane mako. Shawarata ita ce ki cire manhajar gaba ɗaya, idan abin bai daidaita ba ki aiko yaron da kwamfutar mu kwashe fayilolinki mu yi mata formatin, mu sake ɗora Windows sabo. Cikin yini guda an gama.

Malamin kwamfuta, Gwale:
Injiniya, da girmamawa, ban yarda da maganar formatin ba, domin babu abin da ya lalace a kwamfutar Hajiya. Abin da ya faru ƙarami ne ƙwarai idan an fahimci yadda Windows ke yanke shawarar wace manhaja za ta buɗe wane fayil. Kowane fayil yana da 'yan haruffa a ƙarshen sunansa bayan ɗigo, waɗanda nake kira wutsiya idan ina koyar da ɗalibaina: .docx ga takardun Word tun daga Office 2007, .pdf, .jpg ga hotuna, .cdr ga aikin CorelDRAW da masu buga katin biki suka sani sarai. Windows yana riƙe da jadawali da ke cewa wutsiya kaza manhaja kaza ce ke buɗe ta, kuma idan aka danna fayil sau biyu wannan jadawalin kawai yake dubawa. Sabuwar manhajar ta sa an rubuta sunanta a gaban wutsiyoyin nan, mai yiwuwa lokacin da yaron yake danna maɓallin amincewa ba tare da ya karanta ba. Gyara jadawalin kawai ake buƙata.

Hajiya, ga hanya mafi sauri. Ki sami fayil ɗin PDF guda ɗaya, ki danna shi da ɓangaren dama na linzami, ki zaɓi "Open with", sannan "Choose another app". Za ki ga jerin manhajoji. Ki zaɓi Acrobat Reader, sai ki lura da ƙasan akwatin: a Windows 11 na yanzu akwai maɓallai biyu, "Always" da "Just once". Na farkon shi ne ke sauya jadawalin har abada, na biyun kuwa buɗewar sau ɗaya ce kawai, gobe abin ya koma yadda yake. A Windows 10 babu maɓallan biyu, sai wani ɗan akwati da ake sa wa alama mai cewa a riƙa amfani da wannan manhajar kullum. Daga nan ki maimaita da fayil ɗin Word guda ɗaya, da hoto guda ɗaya. Ba sai kin bi fayilolin shagon ɗaya bayan ɗaya ba, domin abin da kika yi wa PDF ɗaya ya shafi duk wani PDF da ke kwamfutar da wanda za a kawo nan gaba.

Injiniya mai gyara, Farm Centre:
Malam, na ji bayaninka kuma gaskiya ne a kan takarda, amma ni da nake zaune da kwamfutocin mutane daga safe zuwa magariba na san cewa wanda ya saka manhaja ɗaya ba tare da karantawa ba, yawanci ya saka biyar. Irin waɗannan na kyauta sukan zo da 'yan rakiya. Shi ya sa nake gwammace in share komai in san abin da ke ciki.

Malamin kwamfuta, Gwale:
Wannan hujja ce ta a duba jerin manhajojin da aka saka a jera su bisa kwanan wata, a ga abin da ya shigo ranar Asabar, kuma na goyi bayan a yi hakan. Ba hujja ba ce ta rufe shago yini guda a lokacin da ɗalibai ke rububin miƙa aiki, a sake nemo direban firinta da na sikana, wato manhajojin da ke sa su aiki da kwamfutar, a sake saka nau'o'in rubutun da aka tara shekara da shekaru. Sannan cire manhajar kaɗai ba ya tabbatar da komai ya koma wurinsa, domin wani lokaci wutsiyar takan zauna babu mai ita, Windows ya riƙa tambaya duk sanda aka danna, ko ya miƙa PDF ga burauzarsa ta Edge, wadda ita ce ke buɗe PDF tun asali a sabuwar kwamfuta. Ko an cire, sai an zo an zaɓa da hannu.

Hajiya mai shagon buga takardu, Kabuga:
Malam, Allah ya saka da alheri. Na bi matakan, PDF ya dawo, takardun Word masu .docx ma sun dawo. Sai dai akwai wasu tsofaffin takardu na Word da har yanzu suke buɗewa a waccan manhajar, haka ma wasu hotunan, wasu sun gyaru wasu ba su gyaru ba. Ko na yi kuskure ne a wani wuri?

Malamin kwamfuta, Gwale:
Ba ki yi kuskure ba, Hajiya, ni ne na taƙaita bayani. Windows bai san wani abu wai shi "takardar Word" ko "hoto" a dunƙule ba, wutsiya kawai ya sani. Tsofaffin takardun nan wutsiyarsu .doc ce, ba .docx ba, don haka layinsu daban ne a jadawalin. Hotuna ma haka, .jpg daban, .jpeg daban, .png daban, ko da yake a idonmu duk hoto ne. Domin ki gama da su a zama ɗaya, ki danna maɓallin Windows tare da harafin I don buɗe "Settings", ki shiga "Apps", sannan "Default apps". A can sama akwai wurin da za ki rubuta wutsiya, misali .doc, ya nuna miki mai buɗe ta yanzu ki sauya. Amma abin da ya fi dacewa da halin da kike ciki shi ne ki nemo sunan baƙuwar manhajar a jerin da ke ƙasa ki danna shi, zai jero miki duk wutsiyoyin da take iya buɗewa tare da wanda ke riƙe da kowace, sai ki bi su ki ƙwato waɗanda ta karɓe. Kada ki manta da .xls da .xlsx na Excel da .ppt da .pptx na PowerPoint, domin da wuya ta taɓa Word ta bar su.

Ɗaliba, Rijiyar Zaki:
Malam, ina da tambaya da ta shafi wannan. Wata ƙawata ta nuna mini cewa idan ana son takardar Word ta zama PDF, sai kawai a sake mata suna a goge .docx a rubuta .pdf. Na gwada, tambarin fayil ɗin ya sauya ya koma ja, amma da na danna sai aka ce fayil ɗin ya lalace. Shin wannan ma matsalar jadawalin ce?

Malamin kwamfuta, Gwale:
'Yata, wannan shi ne ainihin canza wa tuwo suna. Wutsiya lakabi ce kawai da ke gaya wa Windows wa zai kira, ba ta taɓa abin da ke cikin fayil ɗin. Da kika rubuta .pdf, Windows ya kira mai karanta PDF, shi kuwa ya leƙa ciki ya tarar da abin da bai san shi ba, sai ya ce ya lalace. Fayil ɗinki lafiyarsa ƙalau, ki mayar masa da .docx zai buɗe. Idan PDF kike so na gaske, ki buɗe takardar a Word ki zaɓi "Save As" ki ɗauki PDF, a nan ne ake sake gina cikin fayil ɗin. Abubuwa uku ne mutane ke cakuɗawa: sauya manhajar da ke buɗe fayil, sauya sunan fayil, da mayar da fayil wani nau'i. Na farko da na biyu ba sa taɓa cikinsa ko kaɗan.

Wannan kuma ya dawo da mu kan shafuka 65 na Hajiya. Takardar Word ba ta ɗauke da shafukanta a daskare, kowace manhaja ce ke lissafa inda layi zai karye da inda shafi zai ƙare, gwargwadon nau'in rubutun da ta samu a kwamfutar. Idan wata manhaja ta buɗe ta, ko ma Word ɗin wata kwamfutar da ba ta da nau'in rubutun da aka yi amfani da shi, lissafin kan sauya. PDF kuwa, wanda kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993, an ƙirƙire shi ne musamman don shafi ya fito iri ɗaya a ko'ina. Da ni ne mai shago, da na roƙi kowane ɗalibi ya kawo aikinsa na ƙarshe a PDF.

Injiniya mai gyara, Farm Centre:
A nan kam mun haɗu da Malam. Zan ƙara abu ɗaya da ya fi damuna a matsayina na mai gyara, wato Windows yana ɓoye wutsiyoyin nan tun daga farko, sai mutum ya ce a nuna masa. Hajiya, ki buɗe kowace folda, ki shiga "View", sannan "Show", ki sa alama a "File name extensions". A shagon da filas ɗin mutane daban-daban ke shiga kullum wannan ba ado ba ne. Mugun fayil yakan zo da suna kamar takarda.pdf.exe, idan wutsiyar ƙarshe a ɓoye take sai ki ga takarda.pdf kawai, ki danna, alhali manhaja ce kika kunna. Dabarar tsohuwa ce, da ita cutar kwamfutar nan da aka sani da ILOVEYOU ta bazu a duniya a watan Mayun 2000, fayil ɗinta yana kama da rubutu mai .txt amma ainihin wutsiyarsa .vbs ce. Haka cutar da ke ɓoye foldodin filas ta bar gajerun hanyoyi, wato tambarin da ke nuni kawai zuwa wani fayil, masu kama da su, wadda duk mai shagon buga takardu a garin nan ya sha fama da ita, ta hanyar yaudarar ido take aiki.

Baba mai ritaya, Fagge:
Yaran nan kun ilimantar da mu, Allah ya yi muku albarka. Ni kwamfutata tsohuwa ce, Windows 7 ke kanta, kuma ban ga wannan "Settings" da kuke faɗa ba. Shekarun baya jikana ya taɓa wani abu a kanta, sai duk tambarin da ke kan allo suka koma iri ɗaya, kowanne na danna manhaja guda ce ke tasowa. A lokacin formatin aka yi mata. Yanzu da nake karanta bayanin Malam sai nake zargin ko wannan jadawalin ne.

Malamin kwamfuta, Gwale:
Baba, zarginka daidai ne. Tambarin da ke kan allo yawancinsu gajerun hanyoyi ne masu wutsiyar .lnk, wadda Windows ba ya nunawa ko an ce ya nuna sauran. A Windows 7 mutum yana iya kuskuren ɗaura wannan wutsiyar ga wata manhaja, sai duk gajerun hanyoyin su bi ta. Gyaransa goge saiti guda ne a cikin rajistar Windows, wato ma'ajiyar da yake adana saitunansa, ba ya buƙatar formatin, sai dai aiki ne na wanda ya san rajista. A kwamfutarka wurin sauya manhajar da ke buɗe fayil yana cikin "Control Panel" ƙarƙashin "Default Programs", kuma hanyar danna dama da na faɗa wa Hajiya tana aiki a can ma. Ina dai tunatar da kai, Baba, cewa Microsoft ya daina aiko wa Windows 7 gyaran tsaro tun Janairun 2020, Windows 10 ma an rufe nasa na gama-gari a Oktoban 2025, don haka a yi hattara da shiga asusun banki da ita.

Injiniya mai gyara, Farm Centre:
Tunda an ambaci rajista, bari in ja kunnen matasan da ke cikin zauren. Akwai masu kallon bidiyo su je su sauya wannan zaɓin kai tsaye a rajista, a wurin da ake kira UserChoice. Tun daga Windows 8 kowane zaɓi yana tafiya da wata lambar tantancewa da Windows da kansa ke lissafawa, idan aka sauya sunan manhajar da hannu lambar ba ta dace ba, sai ya yi watsi da zaɓin ya mayar da nasa na asali. Shi ne sanarwar da wasu ke gani a Windows 10 cewa an mayar da wata manhaja zuwa ta asali. An yi haka ne don a hana manhajoji ƙwace wutsiyoyi a ɓoye, ko da yake masu ƙorafi suna cewa ya kuma sa barin manhajojin Microsoft ya yi wahala, musamman a farkon Windows 11 a 2021 lokacin da sauya burauza ke buƙatar bin wutsiyoyi ɗaya bayan ɗaya, kafin a ƙara maɓallin "Set default" a 2022. Ko ma dai mene ne, ta "Settings" ake bi.

Alhaji mai lissafin kuɗi, Kantin Kwari:
Ina bin muhawarar tun safe, kuma ina so in kawo wani gefe da ba a taɓa ba, domin kowa yana magana kamar burin shi ne kowane fayil ya koma buɗewa da dannawa biyu. Akwai fayil ɗin da ni da gangan na raba shi da manhajar da aka saba ba shi, wato .csv, irin wanda ake saukewa daga shafin banki ko a fitar daga lambobin waya. Shi rubutu ne zalla da waƙafi ke raba shi. Idan aka buɗe shi da dannawa biyu a manhajar jadawalin lissafi irin su Excel, takan ɗauki duk abin da ya yi kama da lamba a matsayin lamba, sai sifilin farko na lambar waya mai lamba 11 ya faɗi, 0803 ta koma 803, lambar asusu mai lamba 10 da ta fara da sifili ta koma tara, lambar wayar da ta fara da 234 kuwa ta koma wani abu mai harafin E a tsakiya. Idan mutum ya adana a haka, sifilin ya tafi ke nan. Sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ ma sukan fito a hargitse idan manhajar ba ta gane tsarin haruffan fayil ɗin ba. Saboda haka ni Notepad na ɗaura wa .csv, idan na danna in ga ainihin abin da ke ciki ba tare da an taɓa shi ba, idan kuma aiki zan yi sai in buɗe Excel in shigo da shi ta "Data", in gaya masa cewa layin lambobin waya rubutu ne.

Malamin kwamfuta, Gwale:
Alhaji, wannan dabara ce mai kyau, kuma zan are ta in kai aji. Sai dai ga shago irin na Hajiya ba zan ba da shawarar ta ba, domin abokin ciniki da ya kawo .csv so yake a buga masa tebur, idan yaron shago ya ga rubutu cunkushe da waƙafi zai ɗauka fayil ɗin ya lalace. A wurinka kariya ce, a wurinta ruɗani.

Alhaji mai lissafin kuɗi, Kantin Kwari:
Na karɓa, Malam. Ai shi ya sa aka bar zaɓin a hannun mai kwamfuta.

Ɗaliba, Rijiyar Zaki:
Ga masu Mac kamar yayata, na duba mata yanzu: ana danna fayil ɗin a latsa Command da I, a ƙarƙashin "Open with" a zaɓi manhajar, sannan a danna "Change All". Idan ba a danna wannan na ƙarshen ba, fayil ɗin nan guda ɗaya kawai ya sauya, saɓanin Windows. A wayar Android kuma idan an yi kuskuren danna "Always", ana shiga saitin manhajar da ta ƙwace a share zaɓin a wurin da aka rubuta "Open by default", ko da yake sunan wurin yakan ɗan bambanta daga waya zuwa waya.

Hajiya mai shagon buga takardu, Kabuga:
Alhamdu lillahi, na bi jerin kamar yadda Malam ya ce, na ƙwato wutsiyoyi goma sha ɗaya, kuma na kunna nuna wutsiya kamar yadda Injiniya ya ce. Na duba abin da aka saka ranar Asabar, manhajoji biyu ne ba ɗaya ba, don haka Injiniya ma yana da gaskiyarsa, na cire su duka. Saura abu biyu. Idan na danna PDF a cikin imel ko a shafin intanet, kamar takardar jarrabawar JAMB da yara ke zuwa bugawa, har yanzu a cikin Chrome yake buɗewa. Sannan yaron ya ce a ɓangarensa na kwamfutar, da yake shiga da nasa sunan, babu abin da ya sauya.

Malamin kwamfuta, Gwale:
Na farkon ba daga Windows yake ba, Hajiya. Chrome yana da nasa mai karanta PDF a ciki, kuma fayil ɗin da ke kan intanet bai iso hannun Windows ba tukuna balle a duba jadawali. Idan kina so ya riƙa saukewa, ki shiga saitin Chrome, ɓangaren "Privacy and security", sannan "Site settings", ki nemo "PDF documents" ki zaɓi a riƙa sauke su. Daga nan idan kika buɗe daga foldar saukewa, Acrobat Reader ne zai ɗauka. Na biyun kuwa haka tsarin yake, kowane mai asusu a kwamfutar yana da nasa jadawalin, don haka sai an shiga da sunan yaron an maimaita. Ki sa shi ya yi da hannunsa kina tsaye.

Injiniya mai gyara, Farm Centre:
Kuma tunda yana da asusunsa daban, Hajiya, ki duba ko na mai cikakken iko ne. Idan haka ne ki mayar da shi na talakan mai amfani, ta yadda yawancin manhajoji ba za su saku ba sai an nemi kalmar sirrinki. Yana cikin "Settings", ƙarƙashin "Accounts", sannan "Other users".

Hajiya mai shagon buga takardu, Kabuga:
Na duba, mai cikakken iko ne, na sauya shi yanzu. Gobe da safe kafin ɗalibai su fara zuwa zan zaunar da shi ya gyara nasa jadawalin, in sha Allahu. Na gode muku duka.